Yaro ya gurɗe a idon sawu? Ga abin da za ku yi kafin ku ce targaɗe ne

Salamu alaikum jama'a. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ɗan yayata ne. Shekararsa 11 a lokacin, suna buga ƙwallo da yamma a filin yashi nan bayan unguwarmu a Garwa, ya yi tsalle ya sauko a gefen ƙafa, ƙafar ta lanƙwashe ciki, ya faɗi yana kuka. Ni ina Ngaundere lokacin, ban dawo ba sai bayan sati uku. Da na dawo na tarar an kai shi gidan mai ɗori, an ja, an murza, an ɗaure da kara da tsumma, kuma ya fara takawa yana ɗingishi. Na ce Yaya an yi radiyo, wato hoton ƙashi? Ta ce haba ƙanena, targaɗe ne fa, ai ga shi yana tafiya. Shekara ɗaya da rabi bayan nan takalminsa na dama ya fara cinyewa ta gefen waje, dunduniyar ta karkata ciki, sai da aka yi masa aiki. Ni aikin jinya nake yi, na daɗe a wajen da ake sa wa masu karaya siminti, kuma wallahi har yau abin na cina a rai, don hoto ɗaya a satin farko da ya canja labarin.

Ku fara gane wannan tukuna, don duk sauran maganar a kansa take. Ƙashin yaro ba ƙashin babba ba ne da aka rage masa girma. Can kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi akwai wani siririn layi na guringuntsi, daga nan ne ƙashin yake ƙara tsawo, shi nake kira layin girma. Duk wanda ya taɓa karya ɗanyen karan dawa ya san inda yake saurin ɓallewa, nan daidai saman gaɓa inda yake da laushi, to nan ne kuma karan yake tsiro. Haka ƙashin yaro yake. A idon sawu ƙasusuwa biyu ne suka sauko daga ƙwauri, babba ta ciki da siriri ta waje, kowanne da nasa layin girman, ɗan sama kaɗan da waɗannan ƙulluttukan biyu da muke taɓawa. Jijiyoyin da suka ɗaure gaɓar sun fi wannan guringuntsin ƙarfi, shi ya sa irin gurɗewar da za ta yi wa babba targaɗe, yaro ɗan 10 zuwa 16 sai ta tsaga masa layin girma. Layin babban ƙashin kaɗai yana ƙara wa ƙafa wajen milimita 5 a shekara, kaɗan ne a baki amma in gefe ɗaya ya tsaya ɗayan ya ci gaba, cikin shekara biyu uku ƙafa ta karkace.

To yaro ya faɗi, me za ka yi a wajen? Abu na farko kar a ɗaga shi a ce taka mu gani, kar kuma wani ya zo ya ce bari in ja maka ta koma. Wannan jan da abokan wasa suke yi a fili yana daga cikin abin da yake mayar da ƙaramar tsaga ta zama gocewa. A zaunar da shi, a cire takalmi da safa a hankali tun kafin kumburi ya hau. A nemo kwali mai kauri, irin na sabulu ko na taliya, a naɗe shi ya rungumi ƙafar daga ƙasan gwiwa har tafin ƙafa, a sa zani ko tawul a ciki don kar ya goge fata, a ɗaure sako-sako a bar yatsu a waje ana ganinsu. In ƙafar ta karkace a barta yadda take, a tallafe ta haka. A ɗaga ta sama da ƙirji in yana kwance. Ƙanƙara kuwa, ko ledar ruwan sanyi da ta daskare, a naɗe ta a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20 a sauke, kar a ɗora ta tsirara a fata. Gashi da ruwan zafi da tausa da man zafi duk a ajiye su, kumburi suke ƙarawa a kwanakin farko.

In akwai rauni a wajen, jini na fita ko kuna ganin ƙashi, wannan ba abin jira ba ne ko da dare ne. A rufe da tsumma mafi tsabta da ake da shi, kar a zuba toka ko garin magani ko man birki, a wuce asibiti, a tuna musu da allurar tetanos. Haka in yatsun sun yi sanyi ko sun yi fari fat ko ya ce baya jinsu. Kuma in kun ga alamar ƙafar ta goce sosai kar a bashi abinci a hanya, mai yiwuwa ne a sa shi barci kafin a gyara, kuma ana son ciki ba komai na wajen awa 6. Wajen ɗaukarsa in da mota ko keke mai ƙafa uku ya fi, in kuma moto ce dole, wato babur, to a sa shi a tsakiya wani ya riƙe ƙafar daga baya, kar a barta tana lilo kusa da taya ko salansa.

Maganin ciwo, farasitamol ya isa a farko, ana lissafa miligiram 15 a kowane kilo na nauyin yaron, duk awa 6. Ibuprofen ma yana aiki sosai, miligiram 10 a kilo duk awa 8, bayan ya ci wani abu, sai dai in yana da gyambon ciki ko matsalar ƙoda. Aspirin ba na yara ba ne. Tramol kuwa don girman Allah kar a saya a tebur a ba matashi, mun ga inda wannan hanyar take kai samarinmu, kuma yana rufe irin ciwon da shi ne zai gargaɗe mu cewa ɗauri ya matse.

Yanzu tambayar da kowa yake yi, ta yaya zan san wanda yake buƙatar radiyo, tunda ba kowace gurɗewa za a kwasa a je asibiti ba kuma kuɗi ba a kwance suke ba. Akwai gwaji mai sauƙi da mu ma shi muke yi. Yaron zai iya taku huɗu a kan ƙafar, ko da ɗingishi? In ba zai iya ba, radiyo. Sai ka sa yatsa ka danna a kan ƙashin kansa, bayan ƙullutun ciki da na waje da sama da su har kamar tsawon yatsa ɗaya. In ya zabura a kan ƙashi, radiyo. Ciwon targaɗe yawanci a nama yake, ƙasa da ƙullutun waje ta gaba kaɗan. Amma ni a wajena yaron da bai gama girma ba, ga kumburi ga ciwo a kan ƙashi, karaya ce har sai hoto ya ce ba ita ba ce. Kuma takawa ba shaida ba ce ita kaɗai, ɗan yayata ai yana takawa.

A asibiti ku tafi da karne ɗinsa, wato littafinsa na asibiti, ku faɗi ranar da abin ya faru daidai da yadda ƙafar ta juya, ciki ko waje, ku faɗi in an riga an je ɗori, ba abin kunya ba ne kuma likita yana buƙatar sani. In yaron mai sikila ne ku faɗa tun farko. Hoton idon sawu ana son a ɗauke shi ta fuska uku, gaba da gefe da kuma wanda ake ɗan juya ƙafar ciki don a ga cikin gaɓar, don akwai karayar da take ɓuya a hoto ɗaya ta fito a wani. Wani abu da yake rikita iyaye, layin girma a hoto yana fitowa kamar baƙin layi da ya ratsa ƙashi, sai uba ya ɗaga fim ɗin a rana ya ce ga karaya nan, alhali lafiyayyen layi ne. A ɗaya gefen kuma ana iya samun tsaga a cikin layin hoton ya fito kamar ba komai, saboda guringuntsi baya fitowa a radiyo. Shi ya sa hannun likita a kan ƙafar yake da muhimmanci kamar hoton, wani lokacin ma ya sa a ɗauki lafiyayyar ƙafar don a gwada. In kuna ƙauye kuma asibitin kusa ba su da injin, ku nemi su tallafe ƙafar su rubuta muku takarda zuwa babban asibitin yanki, Garwa ko Marwa ko Ngaundere, waɗanda suke wajen Kuseri kuma sun san Njamena tsallaken ruwa ce kawai.

Za ku ji likita yana cewa Salter 2 ko Salter 3, kar abin ya ba ku tsoro. Wasu likitoci biyu ne na Toronto a ƙasar Kanada, Salter da Harris, suka kasa irin wannan karayar gida 5 a shekarar 1963, har yau da shi ake aiki. Na 1 tsagar ta bi cikin layin girman kawai. Na 2 ta bi layin sannan ta haura ta ɓanto wani ɓangare na ƙashin sama, ita ce aka fi gani. Na 3 ta bi layin ta sauko ta shiga cikin gaɓa. Na 4 ta ratso daga sama ta keta layin ta shiga gaɓa. Na 5 layin ne ya murƙushe, kuma sau da yawa ba a gane ta sai daga baya. Abin da ya kamata ku riƙe, na 1 da na 2 yawanci siminti ya ishe su, na 3 da na 4 su ne ake sa wa ido sosai don sun taɓa inda ƙashi yake gogar ƙashi, musamman in a ƙullutun ciki ne, nan ne girma ya fi tsayawa.

Akwai kuma wasu guda biyu da sai matasa suke samu, waɗanda suka kusa gama girma. Layin babban ƙashin baya rufewa rana ɗaya, yana ɗaukar wajen wata 18, ya fara daga tsakiya, ya yi ciki, gefen waje ta gaba ne yake rufewa a ƙarshe. 'Yan mata suna riga maza da wajen shekara biyu, su nasu yana gamawa wajen 14 zuwa 15, maza wajen 16 zuwa 17. To a wannan tsakanin in ƙafa ta murɗe waje jijiya takan fizgo wannan kusurwar da bata rufe ba, ita ake kira karayar Tillaux, sunan wani likitan tiyata ne Bafaranshe. Ɗayar kuma tsagar tana bin fuska uku lokaci guda. Waɗannan biyun radiyo kaɗai baya nuna iyakar gocewarsu, in likita ya ce a yi sikana, wato hoton da yake nuna ƙashi yanki-yanki, ba son cin kuɗinku yake ba, milimita yake so ya auna. Ƙa'idar da ake bi, in tazarar da ke cikin gaɓa ta wuce milimita 2 aiki ya fi, don gaɓar da ta haɗe da tudu a ciki ita ce mai ciwon sanyin ƙashi tun mutum yana ɗan shekara talatin.

Maganin kansa ya danganta da abin da aka gani. In a siririn ƙashin waje ne kuma bai goce ba, wannan mai sauƙi ne, gajeren siminti ko takalmin tallafi na sati 3 zuwa 4 ya warke. In babban ƙashin ne bai goce ba, siminti na sati 4 zuwa 6, makonnin farko ba takawa, sai da sanduna. In ya goce, za a ba shi maganin barci ko na kashe zafi mai ƙarfi a mayar da shi a hankali, sau ɗaya ko biyu, ba a ta maimaitawa don kowane ja yana kankare layin girman, sannan sau da yawa a sa siminti har saman gwiwa na 'yan makonni don kar ƙafar ta juya, daga baya a rage shi. In ya ƙi komawa, yawanci fatar da ke lulluɓe da ƙashi ce ta faɗa cikin tsagar, sai an buɗe an ciro ta. Wajen aikin ana sa sukuru a kwance a ƙasan layin ba tare da an keta shi ba, in kuma dole sai an ratsa to da siririyar waya mai santsi wadda ake zarewa bayan 'yan makonni.

Nan ne maganar lokaci ta shigo, kuma ita ce na fi so ta zauna muku. Ƙashin yaro yana saurin kamawa. Bayan kwana 7 zuwa 10 layin girman da ya goce ya fara haɗewa a inda yake, likita mai hankali ba zai ƙara jansa da ƙarfi ba don ɓarnar za ta fi gyaran yawa. Wato sati biyun da ake cewa bari mu gwada na gida tukuna in bai yi ba mu je asibiti, su ne daidai kwanakin da ake iya gyara cikin sauƙi. Ni ban raina masu ɗori ba, akwai dattawa a cikinsu da suka gaji abin kuma in sun ga abin da ya fi ƙarfinsu da kansu suke cewa a tafi asibiti. Amma hannu komai gwanintarsa baya jin milimita 2 a cikin gaɓa ta cikin kumburi. In dattijon gida ya dage, ku ce masa Baba a yi hoton tukuna a ga abin da ke ciki, ko shi mai ɗorin zai fi son ya san da me yake aiki. Yawanci in aka faɗa da ladabi suna yarda.

An sa siminti an dawo gida, kwana biyu ukun farko su ne na sa ido. Ƙafa a kan matashi biyu, yana motsa yatsu akai-akai. Ku riƙa danna farcen babban yatsa, ya yi fari, in kun saki ya dawo ja cikin daƙiƙa biyu. In ciwo yana ta ƙaruwa duk da magani, yaro ya kasa barci yana ta juyi, in an motsa masa yatsa ya yi ihu, yatsun sun kumbura sun yi sanyi ko baƙi-baƙi ko suna masa kamar ana tsira allura, a koma asibiti a wannan sa'ar a tsaga simintin, ba a jiran gari ya waye. Wannan gargaɗin ya shafi ɗaurin kara ma, har ya fi, don shi ne yake kashe ƙafa a yanke ta. Kuma randebu na bayan sati ɗaya, wato ranar da aka ce a dawo asibiti, kar a tsallake shi, in kumburi ya sauka siminti yana yin sako-sako ƙashi ya iya zamewa, hoton wannan ranar ne yake kama shi tun da sauran dama.

Zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, da yake wuce digiri 40, ba ƙaramin gwaji ba ne ga mai siminti. Zai yi gumi zai yi ƙaiƙayi, kuma yara tsinken tsintsiya ko biro suke zurawa su sosa, su ji wa kansu ciwo a ciki ba wanda ya sani sai wari ya fito. A hana shi, a sa masa fanka ko mafici ta bakin simintin, ko ya ɗan ƙwanƙwasa daga waje. Kar a zuba hoda ko ruwa a ciki. Wanka a sa leda a ɗaure saman, ƙafar a kan kujera nesa da bokiti. Alwala ya shafa a kan simintin da danshin hannu, salla ya yi a zaune, malamanmu sun yi bayanin wannan sauƙin. In simintin ya jiƙe ya yi laushi ko ya tsage ko yana wari ko zazzaɓi ya zo, a mayar da shi. Lakwal kuma, wato makaranta, ba sai ya zauna gida wata biyu ba, in ciwo ya lafa ya koma da sandunansa, a roƙi malamin aji ya bar shi ya ɗora ƙafar a benci. Abinci ba sai na kanti ba, nono da kindirmo, kifin Binuwai, ƙwai, wake, zogale, sun isa. In kun san yana taɓa sigari a ɓoye ku zaunar da shi ku gaya masa hayaƙi yana jinkirta haɗewar ƙashi.

Ranar da aka cire siminti kar ku firgita, ƙafar za ta fito siririya, fata na saɓa, gaɓar a sandare, zai yi ɗingishi na wasu makonni. A wanke da ruwan ɗumi a shafa mai, yanzu ne ruwan ɗumi yake da amfani. Ya zauna ya riƙa rubuta alif ba ta a iska da babban yatsan ƙafa safe da yamma, ya sa tawul a tafin ƙafa ya jawo a hankali, in ya ƙara ƙarfi ya dafa bango ya riƙa ɗagawa a kan yatsu, daga nan ya koyi tsayawa da ƙafa ɗaya. In an samu kine, wato mai aikin motsa gaɓoɓi a asibiti, a je, in ba a samu ba waɗannan ma suna yi. Ƙwallo dai sai ya haƙura, yawanci wajen wata uku daga ranar karaya, kuma sai ya iya gudu da tsalle da ƙafar ita kaɗai ba ciwo, likita ya ce to. Na san kowane yaro a garin nan mafarkinsa ya sa rigar Coton Sport, kulob ɗin ƙwallon Garwa, to ku gaya masa gaggawar komawa fili ce za ta raba shi da ita.

Saura abin da kusan kowa yake mantawa. Warkewar ƙashi daban, ci gaban girma daban. Wani lokacin a inda aka ji ciwon wata 'yar gadar ƙashi takan tsiro ta haɗe sama da ƙasan layin, wannan gefen ya daina girma, kuma ba ciwo ba kumburi, ba za a gani ba sai bayan watanni. Wanda ya kusa gama girma wannan bai cika damunsa ba, amma ɗan 10 ko 11 ko 12 yana da sauran shekaru a gaba da ƙafar za ta yi ta karkacewa. Saboda haka a koma a sake hoto a wata na 6 da kuma bayan shekara, wani ma likita zai ce har shekara biyu. In an kama gadar tana ƙarama, bata kai rabin layin ba kuma yaron yana da sauran girma, ana iya cire ta a cike gurbin da kitsen jikinsa girma ya ci gaba. In an makara sai an yanka ƙashi an miƙe shi, irin wanda aka yi wa ɗan yayata. A gida kuma duk bayan wata biyu ku tsayar da shi ba takalmi a kan daɓe, ku tsuguna ta bayansa ku dubi dundunniyoyin biyu ko sun miƙe daidai, ku juya takalmansa ku ga ko ɗaya yana cinyewa ta gefe guda. Finafinan radiyon duka, har na ranar farko, a haɗa su da karne a leda ɗaya a ajiye inda zafi da ruwa ba za su taɓa su ba, don likitan da zai duba shi baɗi da su zai gwada sabon hoton.